Faifan Keken Mai Agogo

Tun yana saurayi ake kiransa Jirgi. A kan keke ya samo sunan, zamanin da in aka saki 'yan tsere sai dai a hango ƙeyarsa, kuma sunan ya bi shi har cikin shagonsa na ɗinkin kujeru, inda yawancin masu kawo aiki ba su ma san dalilinsa ba. Yanzu furfura ta cinye masa gemu, ya aurar da 'ya'yansa, in zai zura zare sai ya lalubo tabarau. Keken dai yana nan, keken tsere mai lanƙwasasshen kai da siraran tayoyi, a rataye a bangon shago sama da tarin soso. Duk wanda ya taɓa shi da hannu mai datti sai ya ji babu daɗi.

Abokin hawansa mai gyaran agogo ne, gajere, mai yawan dariya, yana da ɗan shago a layin masu sayar da kayan lantarki wanda in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fito. Mai Agogo kowa yake ce masa, har matarsa in ta so tsokana. Shekara da shekaru, duk Asabar da sassafe zai tsaya a ƙofar gidan Jirgi ya ƙwanƙwasa ƙyaure da famfon keke. Su fita, su bi titin da ya bar gari, su haye gada, su kama tudun tankin ruwa.

Tudun nan da lallami yake farawa. Sai mutum ya wuce inda ake fasa dutse sannan ya miƙe masa tsaye, kuma kwanar ƙarshe ko mota sai ta yi gurnani kafin ta sha ta. A can sama akwai ƙaton tankin da ke ba gari ruwa, da wata gajeriyar katanga da suke zama a kai, gari duka a shimfiɗe a ƙarƙashinsu. Kullum Jirgi ne yake riga isa. Kafin Mai Agogo ya ƙaraso yana haki, shi har gumi ya bushe masa.

"Na ɗauka ka tsaya gyara wa wani agogo a hanya," haka yake tarbarsa.

"Ai gara ni," in ji Mai Agogo. "Ni na san abin da na wuce. Kai in aka tambaye ka me ke kan hanyar nan, tayar gabanka kawai za ka iya kwatantawa."

Wata Asabar Jirgi ya buɗe ƙyaure, idonsa ya faɗa kan tayar bayan keken abokinsa. Ya sunkuya ya duba da kyau. A cikin jerin faifayen nan masu haƙora da sarƙa ke hawa, na can ciki ya yi wani irin faɗi da bai taɓa gani a keken tsere ba.

"Me zan gani haka? Farantin matarka ka sato ka ɗaura wa keke?"

"Giya na canza."

"Rage murya, kada maƙwabta su ji su ce ka fara sha da tsufanka."

Mai Agogo ya yi dariya har da riƙe sirdi. Sannan ya tsuguna ya nuna masa da yatsa. "Duba nan. Babban faifan bayanka haƙora ashirin da biyar gare shi. Nawa yanzu talatin da huɗu. Na gaba kuma na sa ƙanana. In na kama tudu ƙafa za ta yi ta juyawa, amma babu nauyi. Gwiwa ba ta ma san ana yi ba."

"Wannan ai ba hawa ba ne, ɗinki ne. Ni da nake taka keken ɗinki kullum na san shi in na gan shi."

"To, mu je ka ga ɗinki."

Abin da Jirgi bai gaya wa kowa ba, har matarsa, shi ne gwiwarsa ta dama ta daɗe tana yi masa gargaɗi. In ya tsuguna zai buga ƙusa a ƙasan kujera, sai ya dafa wani abu kafin ya miƙe. A ran nan, suna wuce wurin fasa dutse, ya miƙe tsaye a kan feda kamar yadda ya saba, yana jefa keken dama da hagu, yana danna ƙafa da duk nauyin jikinsa. Kowane danni sai ya ji kamar ana soka masa tsinke a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Can sai ya ji wani ɗan sauti a bayansa, sirr, sirr. Mai Agogo ne, zaune abinsa a kan sirdi, ƙafafu suna ta wulwulawa. Ya jera da shi, har yana da numfashin yin magana.

"Lafiya dai, Jirgi? Fuskarka ta canza."

Jirgi ba shi da iskar amsawa. Mai Agogo ya ɗan jira shi, ya ga ba a son jiran, ya wuce a hankali.

A kwanar ƙarshe ƙafar ta ƙi. Ya danna, fedar ta tsaya cak, keken ya karkata, da ƙyar ya dire ƙafa ƙasa bai sha ƙasa ba. Tunda yake bai taɓa sauka a tudun nan ba. Ya kama kan keken yana turawa, yana ɗingishi, takalman tsere suna ƙwas ƙwas a kan kwalta. Wata tifar yashi ta biyo tana nishi, direban ya leƙo ya ce, "Baba, a jefa shi baya mu ƙarasa da kai?" Jirgi ya kau da kai kamar bai ji ba.

Da ya isa sama ya tarar da Mai Agogo a kan katanga. Jirgi ya shirya wa tsokana, har ya tanadi amsa. Amma Mai Agogo gorar ruwa kawai ya miƙo masa bai ce komai ba, kuma wannan shirun ya fi masa zafi.

Sai da suka jima sannan Mai Agogo ya ce, "Mu je wajen bakanikena. Yini ɗaya ya gama maka."

"Kekena ba na tsofaffi ba ne."

"Mu ɗin yara ne?"

"Kai dai yi wa kanka magana."

Suka hau kekunansu suka gangaro.

Asabar ta zagayo, famfo ya bugi ƙyaure. Jirgi yana kwance ido biyu. Ya ce wa matarsa, "Je ki ce masa barci nake."

"Ni ba zan buɗe bakina da ƙarya da sassafe ba, Baban yara. Tashi ka gaya masa da kanka barci kake."

Ya tashi ya fita da zanen rufa a kafaɗa, ya ce wani otal ya kawo kujerun falo, ana jiransu. Gaskiya ne an kawo kujerun, amma ba wanda ke jiransu ran Asabar. Mako na gaba mura ce. Na gaba da shi kuma ya ce taya ta yi faci. Mai Agogo ya ce ga wata tayar ajiya nan a gidansa, Jirgi ya ce ba irin tasa ba ce. Wata ranar Mai Agogo ya ce to su bar tudun, su bi shimfiɗaɗɗiyar hanya zuwa gada su dawo, hirar ce dai ake so.

"Ba sai ka rage wa kanka hanya saboda ni ba," in ji Jirgi. "Je ka hau abinka."

A zuciyarsa yana da shiri. Zai dinga fita shi kaɗai a tsakiyar mako, ba mai ganinsa, har ƙafa ta dawo. Ranar da ya tabbatar zai iya shan kwanar nan da tsohuwar giyarsa, sai ya buɗe ƙyaure da kansa ya jira bugun famfo, ya nuna wa mai faranti cewa Jirgi bai mutu ba. Ya gwada kuwa. Gwiwar ta kumbura kamar an cusa mata soso, likita ya ce ya huta, ya kuma tambaye shi ko babu yadda za a rage wa keken nauyin takawa. Jirgi ya ce zai duba.

A cikin wannan tsakani Mai Agogo ya zo shago sau ɗaya, da rana tsaka, abin da ba ya yi don ba ya son barin shagonsa a rufe. Ya zauna a kan wata kujera da aka feɗe ta sai katako da igiyoyin roba. Jirgi yana jan yadi a bayan wata doguwar kujera, ƙananan ƙusoshi a bakinsa.

"Bana nake so mu hau tudun nan sosai," in ji Mai Agogo. "Ni da kai. Bana."

Jirgi ya zare ƙusa ɗaya daga leɓensa ya buga. "Tudun gudu zai yi? Bari gwiwa ta warke."

"Ba za ta warke da wannan giyar ba."

"Ka zo talla ne? Kamasho bakaniken yake ba ka?"

Mai Agogo ya yi murmushi. Da aka kawo masa ruwa, da hagu ya karɓa, hannun damansa yana cikin aljihun riga tun shigowarsa. Jirgi ya lura, har ya so ya ce masa wace sabuwar tarbiyya ce wannan, sai wani mai kujera ya shigo maganar ta bi ruwa.

Damina ta zo ta wuce. Bugun ƙyaure ya koma sai an tsallake mako, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Da farko Jirgi ya ji sanyi a ransa, ya huta da ƙirƙirar dalili. Daga baya abin ya koma haushi. Ya ce wa matarsa mutum ya samu sabon faifai ya manta da mutane.

"Kai ka san hanyar gidansa ai," ta ce, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Bai je gidan ba. Sai da agogon bangon shagonsa ya tsaya ya samu hujja. Ya naɗe shi a ragowar yadi ya nufi layin masu kayan lantarki, yana shirya abin da zai faɗa, wai ba don agogon ba da ba a gan shi ba.

Ƙofar shagon a buɗe take, amma ba Mai Agogo ne a ciki ba. Babbar 'yarsa ce, wadda ke aiki a wani gari mai nisa, tana tsaye a bayan kanta tana naɗe ƙananan sukundireba a cikin tsumma. An sauke agogunan bango duka, sai zagayen farin fenti a inda kowanne ya zauna. Gilashin nan da babanta ke maƙalawa a ido yana cikin wani kwali tare da fitilar tebur.

Ta ɗan rusuna. "Kawu, sannu da zuwa. Ina wuni?"

"Lafiya lau, 'yata. Yaushe a gari? Me ake yi haka, tashi zai yi?"

Ta tsaya da naɗin tana kallonsa. "Kawu, ba ka sani ba?"

A tsaye ya ji labarin, da agogo a hammata. Tun bara hannun daman babanta ya fara karkarwa. Shi ya fara ganewa, domin mai ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba ba ya bukatar a gaya masa. Likitoci suka ce ciwo ne na jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu da magani. Sun ce hawan keke zai taimake shi matuƙar yana iya tsayuwa a kai, amma kada ya sa rai abin zai daɗe. Shi ya sa ya je aka sauƙaƙa masa giya.

"Shi kaɗai ya yi ta hawa," ta ce. "Mama ta yi faɗan har ta gaji, tana tsoron ya faɗi a inda ba kowa. Kullum sai ya ce aiki ne ya yi maka yawa. Watan jiya ya faɗi a ƙofar gida, ko fita layi bai yi ba. Daga nan aka hana shi."

"Me ya hana shi gaya mini?"

"Na tambaye shi. Ya ce in ya gaya maka tausayi ne zai fito da kai, shi kuma ba ɗan rakiya yake nema ba."

Jirgi ya ajiye agogon a kan kanta, ya sake ɗauka, ya rasa inda zai sa shi. Ta ce ƙarshen wata za ta tafi da iyayen nata can wurinta, kusa da asibitin da ake ganinsa.

Daga nan gidan ya wuce. Matar Mai Agogo ce ta buɗe. Tun ranar da aka kawo ta Jirgi yake ce mata amarya, har ta yi jikoki bai daina ba, ita kuma ta ce masa uban gudu. Ran nan da ya ce, "Amarya, sannu da gida," sai ta ce, "Yauwa, sannu. Ashe ana ganinku," ta matsa masa ya wuce.

Mai Agogo yana falo, a kan kujerar da Jirgi ya yi wa sabuwar riga da hannunsa shekarun baya. Ya rame. Hannun daman yana kan cinyarsa yana ta motsi shi kaɗai, babban yatsa yana murza ɗan'uwansa. Fuskar ce ta fi ba Jirgi tsoro, ta yi wani irin tsayawa, kamar dariyar tana ciki amma ta rasa ƙofar fita.

"A'a, Jirgi ya sauka a tasharmu," ya ce, muryar ƙasa ƙasa. "Me ka rungumo haka?"

"Agogon shago ne. Ya tsaya."

"Ka makara. Batir dai za ka fara canzawa, yawanci shi ne."

Jirgi ya zauna a bakin kujerar da ke fuskantarsa. Ya yi masa ya jiki, ya amsa da sauƙi. Suka yi maganar magani, da tsadar haya, da wanda zai karɓi shagon. 

Mai Agogo ne ya ce, "Gwiwa fa?"

"Tana nan yadda ka san ta."

"Kekena yana baranda. Ka kai wa bakanike tare da naka, ya kwashe kayan ya mayar maka."

"Haba, wace irin magana ce wannan? Ka bar kekenka. In ka ji sauƙi..."

"Jirgi." Ya ɗaga hannun mai karkarwa ya nuna masa, ya mayar kan cinya. "Kaya ne masu kyau. Tsatsa za su yi. Ko har yanzu farantin ne ba ka so?"

Jirgi ya sunkuyar da kai. "Zan kai."

Shagon bakaniken a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tayoyi a rataye har rufi, ƙasa ta yi baƙi da giris. Mutum ne mai ƙiba, mai son magana, ya san keken Mai Agogo tun daga nesa. Ya tambayi jikin mai shi, ya girgiza kai, ya rataye kekunan biyu a ƙugiya gefe da gefe.

Jirgi ya ɗauka faifai ɗaya za a cire a sa masa, shi ke nan. Bakaniken ya cire tayoyin baya, ya kama jerin faifayen da wani ƙarfe mai guntuwar sarƙa, ya kwance su da sifana, ya wanke na Mai Agogo a kwanon kananzir har suka yi ƙyalli, ya jera su a tayar Jirgi. Da ya mayar da tayar sai ya taɓa ɗan hannun nan da ke ɗauke sarƙa daga faifai zuwa faifai.

"Naka gajere ne, Alhaji, ba zai kai kan babban ba. Sai an ɗauko nasa, mai dogon hannu."

Ya ɗauko. Sannan ya auna sarƙa ya ce ta Jirgi ba za ta zagaye ba, ita ma sai tasa. Sannan ya dawo gaba, ya ce in ana son abin ya yi yadda ya kamata sai an sauya faifayen gaba da ƙafafun fedar duka, don a haɗe suke. Jirgi yana zaune a kan wata tsohuwar taya yana kallo ana cire wa keken abokinsa abu ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar ya zama ƙarfe da sirdi kawai, wayoyin giya suna reto a banza.

Bakaniken yana juya feda da hannu yana ɗaure waya, sarƙa tana tsalle ƙas, ƙas, daga ƙaramin faifai har babba, ya saurara, ya ɗan murɗa wani noti, ya sake. Bakinsa bai huta ba.

"Ai na san za su hau. Tun ranar da na ɗaura masa su ya tambaye ni ko irinsu za su zauna a kan naka. Ya kwatanta mini kekenka kaf, har kalar sirdi. Duk zuwan da zai yi shan iska sai ya ce, abokin nan nawa yana nan tafe, ka tanadar masa. Har na ce masa anya abokin nan akwai shi kuwa?"

Jirgi ya miƙe ya ce bari ya sha iska a waje. Ya tsaya a bakin titi yana kallon motoci har aka kira shi.

'Yar Mai Agogo ce ta kawo shawarar. Asabar ta ƙarshe kafin tafiyarsu za ta ɗauki babanta a mota ta kai shi gindin tanki, su jira Kawu ya hawo. Mai Agogo ya ce madalla, shi ma ran nan zai riga wani isa ba gumi.

Da sassafe Jirgi ya fita. Ya haye gada ya kama tudun, kuma don sabo ya bar sarƙar a faifai mai nauyi har gwiwa ta fara magana. Daidai wurin fasa dutse ya danna giyar. Ƙas. Ya sake dannawa, ya sake, har sarƙar ta hau babban faifan.

Sai nauyin ya tafi. Ƙafafunsa suka kama juyawa kamar ba tudu suke hawa ba. Keken ba ya sauri, kusan tafiyar mai sassarfa yake yi, amma yana tafiya, kuma Jirgi yana zaune daram a kan sirdi, ƙirjinsa a buɗe. Ya jira tsinken nan ya soke shi a gwiwa, shiru. Abin har ya ba shi kunya. Wannan ne ke nan? A kan wannan ne?

Da yake ba sai ya kafa ido a taya ba, ya ɗaga kai. Ashe bayan wurin fasa dutse akwai wasu gidaje a rakuɓe a jikin tudun, da wata mata tana shanya a kan igiya. Ashe akwai ruwa da ke tsattsafowa daga dutse ya bi gefen kwalta, har ciyawa ta yi kore a wurin. Wani tsoho a ƙofar gidansa ya ɗaga masa hannu, ya leƙa bayansa kamar yana neman wani, ya ce, "Ina gajeren? Kwana biyu ba ya wucewa."

"Ba ya jin daɗi," in ji Jirgi, kuma ya ji maganar ta fito sumul, ba haki. Yana da iskar da zai yi hira tun daga gada har sama.

Ya sha kwanar ƙarshe a zaune.

Babu mota a gindin tanki. Ya jingine keken, ya zauna a kan katanga yana kallon hanya. Duk ƙarar injin da ya ji sai ya miƙe. Rana ta ɗaga, inuwar tankin ta janye daga kansa. Sannan wayarsa ta yi ƙara.

"Kawu, ka yi haƙuri," in ji 'yar. "Yau jikin ya ƙi. Tun asuba ya sandare, maganin bai kama ba. Mun yi mun yi ya shiga mota, abin ya gagara. Ya sa takalminsa ma fa, da hularsa."

"Ba komai, 'yata. Ga ni nan zuwa."

Ya same shi a gado, an tokare shi da matasai, takalman suna ajiye a gefe. Amarya ta kawo wa Jirgi kujera ta fita. Mai Agogo ya juyo da ido ya dube shi, daga gumin goshi har ƙurar ƙafa.

"Ka sauka?"

"Ban sauka ba."

"Gwiwa?"

"Ko ɗis."

Mai Agogo ya lumshe ido. "To," ya ce.

Jirgi ya matso da kujerar. "Da na ji maganarka tun..."

"Miƙo mini ruwan can."

Ya ɗauko kofin. Hannun ba zai iya riƙewa ba, don haka shi ya riƙe masa a baki, yana tare abin da ya zubo da gefen hannunsa. Da ya gama sha ya tambaya ko tsohon nan na bayan wurin fasa dutse yana nan, Jirgi ya ce yana nan, har ya tambayi labarinsa. Daga nan barci ya ɗauke Mai Agogo.

Ranar tafiya Jirgi ne ya ɗaure katifu a saman mota. Abin da ya rage na keken Mai Agogo ba wuri a motar, aka bar masa, ya kai shago ya jingine a bayan soso.

Ya ci gaba da hawa duk Asabar, gwiwar ba ta ƙara kumbura ba. Akwai wasu samari masu riguna iri ɗaya da ke wuce shi a tudun, sukan gaishe shi, sun ma taɓa cewa ya dinga fitowa tare da su. Ya yi musu godiya, bai bi su ba.

Yakan kira can garin in ya dawo. Da farko suna hira sosai. A hankali muryar Mai Agogo ta yi ta shigewa ciki, har ta kai Jirgi yana toshe ɗaya kunnen yana cewa "eh, eh" a kan abin da bai ji ba. Wata Asabar ya ce masa ya maimaita, ya maimaita, bai dai ji ba. Sai 'yar ta karɓi wayar.

"Kawu, wai cewa yake, da wa kake hawa yanzu?"

Jirgi ya dubi matarsa, tana zaune a gefe tana ninke kaya.

"Ce masa muna da yawa," ya ce. "Ce masa har ba a jin maganar wani."

Ya ji ta tana faɗa masa da ƙarfi, a hankali. Ta dawo ta ce ya ji daɗi, ya ce a gaishe su duka.

Da ya ajiye wayar matarsa ta ce, "Su wa za ka gayar?"

Jirgi ya sunkuya. Ya cire takalman tsere ya tura su ƙarƙashin gado, ya ce ta duba masa ko akwai ruwan wanka.